Yadda Za Ka Fara Ba Da Gudummawa Ga Manhajar Buɗaɗɗen Tushe Ta Hanyar Rubuta Gwaji

Akwai tambayar da samarin da ke koyon rubuta kod suke yawan yi mini idan muka haɗu a rumfar mai cajin waya a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim: "Malam, na iya Python daidai gwargwado, to ina zan sa hannu?" Amsata ɗaya ce kullum. Su nemi manhajar buɗaɗɗen tushe, wato wadda kod ɗinta yake a fili kowa na iya karantawa ya kawo gyara, su fara da rubuta mata gwaji. Sabon shiga bai kai ya ƙara sabon abu a manhajar da mutane suka yi shekaru suna ginawa ba, amma yana iya zama ya karanta ɗan yanki guda, ya gane abin da ake so yankin ya yi, sannan ya rubuta ƙaramin kod da zai tabbatar yana yin hakan. Masu kula da manhaja ba su cika ƙin irin wannan gudummawa ba, domin ba ta sauya yadda manhajar ke aiki, kuma tana rage musu fargaba duk ranar da za su taɓa wannan wurin.

Abin da ake kira faɗin gwaji shi ne lissafin yawan layukan kod da gwaji ya bi ta kansu. Idan manhaja tana da layi 1000 kuma gwaje-gwajenta sun ratsa 700, faɗinta kashi 70 cikin ɗari ne, sauran 300 kuma babu mai gadinsu, duk abin da ya lalace a cikinsu sai mai amfani ya ci karo da shi. SQLite, manhajar adana bayanai da D. Richard Hipp ya fara a shekarar 2000 wadda take cikin kowace wayar Android, ta yi suna da cewa gwajinta yana bin kowane ɓangare na kowane sharaɗi a kod ɗinta, kuma kod ɗin gwajin ya ninka na manhajar kanta sau da yawa. Yawancin ƙananan manhajoji ba su kusa da haka ba, kuma a cikin wannan giɓin aikinka yake.

Ka fara da haɗa kayan aiki. Tsohuwar kwamfuta ta isa, wanda ba shi da ita kuma yana iya sauke Termux, manhajar rubuta umarni irin na kwamfuta, a wayarsa ta Android, ya sa Python da Git a ciki, ko da yake rubutu a ƙaramin allo yana gajiyar da ido. Git shi ne abin da ke riƙe tarihin kowane canji a kod, Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005. Sai ka buɗe asusu a GitHub, shafin da mafi yawan rumbunan kod suke, wato wuraren da ake ajiye kod ɗin kowace manhaja. Abin da ya sa nake ganin wannan aiki ya dace da mu mutanen karkara shi ne, da zarar ka sauke kod ɗin da kayan da yake buƙata, karatu da rubutu da gudanar da gwajin duk a kan na'urarka ake yi, babu ruwansu da intanet. Ni nakan yi saukewar da daddare, lokacin da sabis ya fi tsayawa kuma data ta fi sauƙi, sannan in yi aikin da rana muddin cajin sola bai ƙare ba.

Sai zaɓen manhaja, kuma a nan da yawa suke kuskure, domin sukan nufi manyan sunaye kai tsaye, su tarar da gwaji dubbai da batirin kwamfutarsu ba zai kai ƙarshensu ba. Ka zaɓi ƙarama, musamman wadda ka taɓa amfani da ita. Ka duba ranar da aka yi canji na ƙarshe a rumbun, ka duba ko ana amsa wa masu turo gyara, domin rumbun da ya shekara biyu ba motsi kango ne, ko ka yi sallama babu mai amsawa. Ka karanta fayil ɗin da ake kira `CONTRIBUTING.md` daga farko har ƙarshe, a cikinsa suke faɗin yadda ake gudanar da gwajinsu da irin tsarin rubutun da suke karɓa. Wasu kuma sukan sa alamar `good first issue` a kan ƙananan ayyukan da suka ware wa baƙi.

Idan ka samu wadda ta kwanta maka, ka danna maɓallin Fork domin ka samu kwafinka a asusunka, sannan ka sauke shi da `git clone`. Wanda datarsa ta yi ƙasa yana iya ƙara `--depth 1`, sai a bar tsohon tarihi a kawo kod na yanzu kawai. Ka ware wa aikin muhallinsa da `python -m venv .venv`, ka sa abubuwan da ake buƙata kamar yadda suka bayyana, ka gudanar da gwajin da ke nan tun kafin ka taɓa ko harafi ɗaya. Idan wani ya faɗi a wannan zagayen, ka rubuta sunansa a takarda, don kada gobe ka ɗauka kai ne ka lalata shi.

Yanzu sai awo. A Python ana amfani da coverage.py, wanda Ned Batchelder ya daɗe yana kula da shi, kuma idan manhajar tana gwaji da pytest, wato abin gudanar da gwaji a Python, sai ka sa pytest-cov ka rubuta `pytest --cov --cov-report=term-missing`. Masu yaren JavaScript da ke gwaji da Jest suna da `--coverage`, masu yaren Go kuma `go test -cover`. Za ka ga jadawali, kowane fayil da kason da gwaji ya taɓa, a ƙarshen layi kuma lambobin layukan da aka tsallake. Waɗannan lambobin ne abin nemanka, ba kason ba. Ka buɗe fayil ɗin ka je wurinsu, kuma sau da yawa za ka tarar cewa su ne wuraren da aka tanada don ranar da abu ya ƙi: an ba da rubutu fanko, an ba da lamba ƙasa da sifili, fayil ya ɓata, intanet ta yanke ana tsakiyar aiki. Idan ka ƙara `--cov-branch`, awon zai nuna maka har sharaɗin da aka gwada ɓangarensa ɗaya aka bar ɗayan. Kada ka ɗauki fayil guda gaba ɗaya. Ka zaɓi ɗan yanki da za ka iya bayyana aikinsa da bakinka cikin jimla biyu, in kuwa ba za ka iya ba, to ba ka gama karanta shi ba.

Kafin ka rubuta naka, ka karanta gwaji biyar ko shida na mutanen gidan, ka ga yadda suke raɗa suna, da inda suke ajiye fayil, da yadda suke shirya bayanan gwaji. Baƙo yana bin tsarin gidan da ya sauka ne. Kowane gwaji kuwa sassa uku ne: ka shirya abin da za a ba kod ɗin, ka kira shi, ka tabbatar abin da ya dawo shi ne abin da ya kamata.

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin Bahaushe yana da abin gwaji a hannunsa wanda mai rubuta manhaja a Amurka ko Jamus da wuya ya taɓa tunaninsa, wato haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Akwai wata hanya da ta yaɗu wajen mayar da rubutu zuwa haruffan Turanci zalla, misali idan za a yi adireshin shafi daga kanun labari. Ana rarraba kowane harafi, a jefar da alamar da ke kansa, sai é na Faransanci ya koma e, kalma ta tsira. Amma lanƙwasar ƙ ba alama ba ce da aka ɗora, jikin harafin ce, saboda haka ba ya rabuwa, sai a jefar da shi baki ɗaya. Ta haka "ƙasa" take komawa "asa", "ɗaki" ya koma "aki". Haka kuma kowanne daga cikin waɗannan haruffa yana cin bayit biyu (bayit shi ne ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta) a tsarin adana rubutu na UTF-8, don haka kod ɗin da yake yanke rubutu da ƙirgen bayit maimakon ƙirgen harafi yana iya raba harafin gida biyu ya bar tarkace. Ga kuma alamar da ke cikin sunaye irin su Mu'azu da Sa'adatu, da kalmar 'ya'ya, wadda take rikita kod ɗin da bai yi tsammaninta ba. Rubutun ajami da ke tafiya daga dama zuwa hagu, da alamar naira, da lambar waya mai farawa da +234, dukkansu abin gwaji ne. Ga misalin yadda gwaji ɗaya zai kasance, da sunan da aka rubuta da Turanci domin shi ne yaren yawancin rumbunan:

```
def test_lowercase_hausa_letters():
    assert to_lower("ƘASA") == "ƙasa"
```

Layi biyu ne, amma daga ranar da aka karɓe shi, duk wanda ya zo ya yi gyaran da zai ɓata harafin ƙ a wannan yanki na manhajar, gwajin zai tare shi tun kafin gyaran ya isa wayar kowa. Idan kana da kalmomi da yawa, pytest yana da `parametrize`, wanda zai ba ka damar jera su duka a gwaji ɗaya.

Matakin da ke biye shi ne wanda na fi jaddadawa, domin a kansa na koyi darasi. Gudummawata ta farko ta ɗaga kason wani fayil sosai, na tura ina murna, sai mai kula da manhajar ya amsa cikin ladabi cewa gwajin nawa yana kiran kod ɗin ne kawai, bai tabbatar da komai ba, ko an lalata kod ɗin zai ci gaba da wucewa. Gaskiya ya faɗa. Awon faɗi yana nuna cewa an bi ta kan layi, ba ya nuna cewa an duba sakamakonsa, kamar mai awon gero da ya zuba a mudu bai duba ko mudun ya cika ba. Tun daga lokacin, duk gwajin da na rubuta sai na koma cikin kod ɗin na ɓata shi da gangan, in juya sharaɗi ko in sauya lamba, in sake gudanarwa. Idan gwajin ya faɗi, ya yi aikinsa, sai in mayar da kod ɗin yadda yake. Idan ya wuce, na san ban rubuta komai ba tukuna. Ka kuma kiyaye gwajin da ya dogara da intanet ko agogo ko tsarin da aka jera sauran gwaje-gwaje, domin irinsa yakan wuce yau ya faɗi gobe, har masu manhaja su daina yarda da shi.

Wani lokaci gwajinka daidai ne, kod ɗin ne yake da matsala. Wannan babban samu ne, amma kada ka sauya gwajin don ya yarda da kuskure, kada kuma ka cusa gyaran cikin aikin da ka ce na gwaji ne. Ka buɗe ƙorafi a shafin manhajar, ka rubuta abin da ka shigar, da abin da ka yi tsammani, da abin da ya fito. Idan batun haruffanmu ne, ka yi musu bayani a taƙaice cewa ƙ harafi ne mai zaman kansa a Hausa, kuma "ƙasa" da "kasa" ma'anarsu daban, domin mai yiwuwa wannan ne karo na farko da suka ji haka. Pytest yana da alamar `xfail` da ake sa wa gwajin da aka san zai faɗi har sai an yi gyara, amma ka tambaye su ko suna son haka.

Saura turawa. Ka buɗe sabon reshe, wato layin aiki na daban a cikin kwafinka, da `git switch -c`, ka adana canjinka da gajeren bayani, ka tura da `git push`, sannan a GitHub ka buɗe buƙatar haɗewa, wadda za ka gani da sunan Pull request. Ka bayyana wurin da gwajin ya shafa, da kason kafin da bayan aikinka, da cewa ka ɓata kod ɗin ka ga gwajin ya faɗi. Turancinka ba sai ya yi ƙwalisa ba, jimla huɗu bayyanannu sun wadatar. Rumbuna da yawa suna gudanar da gwaji da kansu ta GitHub Actions a kan nau'o'in Python daban-daban, don haka idan ka ga jar alama, ka buɗe ka karanta, wataƙila abin da ya wuce a na'urarka bai wuce a wata ba.

Daga nan sai haƙuri. Yawancin masu kula da waɗannan manhajoji aikin sa-kai suke yi bayan sun tashi daga nasu aikin, kuma amsa tana iya ɗaukar kwana biyu ko mako uku. Idan sun nemi gyara, ka yi a kan reshen nan ka sake turawa, buƙatar za ta sabunta da kanta ba sai ka buɗe wata ba. Idan mako biyu suka wuce shiru, ka rubuta layi ɗaya na tuni cikin girmamawa, ka koma kan jadawalin awon ka ɗauki lambobin layi na gaba a wannan fayil ɗin da ka riga ka sani.