Yadda Malami Zai Koya wa Ɗalibai Tantance Labarin Intanet

Darasin zurfafa tunani ba ya buƙatar ɗakin kwamfuta, domin waya ɗaya da allo da alli sun wadatar. Malami ya zaɓi wani saƙo da ya taɓa yawo a WhatsApp, ya rubuta shi a allo ba tare da ya faɗi ko gaskiya ne ko ƙarya ba. Jita-jitar da ta bazu a Najeriya a watan Agustan 2014, cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum daga cutar Ebola, misali ce mai kyau, musamman ganin cewa iyayen ɗaliban da dama sun tashi cikin dare sun yi wannan wanka.

Daga nan sai ya raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni ya binciko wanda ya fara faɗin maganar, da lokacin da ya faɗe ta, da hujjar da ya dogara a kanta. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga yaron da ya yi karatun Islamiyya, tunda ya san malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum. Idan saƙon yana ɗauke da hoto, a saka shi a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, a gaban ɗalibai, su gani da idonsu ko tsohon hoto ne daga wata ƙasa.

Wajen ba da maki, a ganina, ya kamata malami ya fifita ɗalibin da ya bayyana yadda ya kai ga amsarsa, ko da ya kuskure, a kan wanda ya kwafo amsa daidai daga ChatGPT, manhajar da ke amsa tambayoyi, bai iya kare ta ba.