Ga masu kai yara kallon kunna bishiyar Kirsimeti a Landan

Sannunku iyaye, musamman mu da ke nan Landan. Duk mai niyyar kai yara dandalin Trafalgar Square kallon kunna fitilun bishiyar nan da birnin Oslo na ƙasar Norway ke aikowa duk shekara tun 1947, don Allah a yi shirin sanyi sosai. Farkon Disamba ake yi da yamma, kuma lokacin kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, ga tsayuwa wuri ɗaya, sanyin har cikin ƙashi yake shiga.

Bara na je da nawa biyu, ko rabin awa ba mu yi ba ƙaramar ta fara kuka ni ina ta zaton yunwa ce, ashe ƙafa ce, na saka mata safa biyu takalmin ya matse jini ba ya gudu, wallahi na ji tausayinta. Gara safa ɗaya mai kauri da takalmi mai ɗan fili. A jera kaya kala uku, na ciki, suwaita, sai jaket, ga hula mai rufe kunne da safar hannu. Wanda ke cikin keken jarirai ya fi kowa jin sanyi tunda ba ya motsi, a lulluɓe shi da bargo amma kar a rufe fuska.

Ku ɗauki shayi a filas, ku kai su bayi tun a gida. Lambar wayarki ki rubuta a takarda ki saka a aljihun yaro saboda cunkoso. Ana kunnawa ku kama hanya kafin tashar Charing Cross ta cika.