Yadda mai bi zai yi zamansa ƙarƙashin alheri

'Yan'uwa, masu bi da yawa a majami'un Sabon Gari a Kano sun haddace Afisawa 2:8-9, cewa da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, ba don ayyukanmu ba. Amma in an duba zamansu da Allah, sai a ga na ɗan ƙwadago ne mai jiran lada, alhali kuwa ɗan gida ba don a bar shi ya kwana yake share tsakar gida ba. Allah yakan karɓi mutum cikin Almasihu tukuna, sannan aikin kirki ya biyo baya, kamar yadda aya ta 10 ta nuna.

Romawa 6:14 ta ce mai bi ba ya ƙarƙashin shari'a, sai ƙarƙashin alheri. Shari'ar da ake nufi a nan ita ce ta Musa, da duk wani ƙoƙarin samun karɓuwa ta wurin kiyaye ƙa'ida. Ba dokar ƙasa ba ce. Haraji da kuɗin rumfa a kasuwa suna nan daram, Romawa 13:7 ta ce a biya.

Fara da karanta littafin Galatiyawa. Surori shida ne, ɗaya kowace safiya daga Litinin zuwa Asabar. Riƙe biro, ka ja layi a inda aka faɗi abin da Allah ya riga ya yi, ka kewaye inda aka ce kai ka yi. Za ka ga yawancin umarnai sai a sura ta 5 da ta 6 suke. Mako na biyu ka ɗauki Romawa 5 zuwa 8. Kada ka tsaya a 6:14, domin aya ta 15 ce ke hana mutum mai da alheri hujjar zunubi.

Sai ka saurari addu'arka. In da lissafin azuminka da zakkarka take farawa, ka bi sawun Bafarisiyen nan na Luka 18, mai azumi sau biyu a mako, wanda ya koma gida ba a karɓe shi ba. Buɗe da godiya kan gicciye, roƙo ya zo daga baya.

Ranar da ka faɗi cikin zunubi, a nan ake gane wanda ya fahimta. Ka tuba a ranar, ka ambaci laifin da sunansa a gaban Allah, ka dogara ga 1 Yohanna 1:9. Wasu sukan ƙaurace wa sujada makonni, wai sai sun ji sun cancanta. Wannan ƙoƙarin biyan abin da Yesu ya gama biya ne, kuma kaɗaici ƙara wa jaraba ƙarfi yake yi. In laifin ya taɓa wani, misali ka tauye mudu ko ka riƙe kuɗin abokin ciniki, mayar masa da haƙƙinsa. In abin yana maimaituwa, nemi fasto ko dattijon ikilisiya mai riƙe asiri.

Batun bayarwa, ikilisiyoyi sun bambanta kan zakka. Yanke abin da za ka bayar tun a gida, da yardar rai, bisa ga 2 Korintiyawa 9:7, ba don tsoron la'ana ko kunyar idon jama'a ba.

Wurin da aka fi tuntuɓe a Kano shi ne hukunta juna. Maƙwabci ya aiko da naman Sallah, wani ɗan'uwa ya ci da godiya, wani lamirinsa bai ba shi ba. Romawa 14 ta hana mai ci raina marar ci, ta hana marar ci hukunta mai ci. Kowa ya bi lamirinsa, a kuma gode wa maƙwabcin cikin ladabi. Amma zina da sata da maye ba sa cikin wannan sahu, gama Titus 2:11-12 ta ce alherin nan da kansa yake koya mana mu ƙi su.