Babi na 6: Yaɓen Siminti a Bangon Waje, Shafi Ɗaya

Darasi na 1: Awo

'Yan uwa, sannunku da ƙoƙari. Yau za mu koyi yaɓe bangon bulo ta waje, wato filasta, wadda ake yi shafi ɗaya a gama. Ku dubi buhun siminti. Za ku ga an rubuta 50kg. Biyar ce da sifili, wato hamsin. Harufan nan biyu kuma suna nufin kilo. Ku rubuta 50 a littafinku sau uku.

Buhu ɗaya yana cika kwanon leburori sau 2. Awonmu shi ne siminti kwano 1, yashi kwano 5. Ke nan buhu 1 zai ci yashi kwano 10. Ku ƙirga da duwatsu: duk kwanon da aka zuba, a ajiye dutse ɗaya a gefe, don kada lissafi ya ɓace. Yashin ya zama mai laushi, a tankaɗe shi. Ku damƙi ɗan kaɗan mai laima ku murza a tafin hannu. In ya bar muku taɓo, akwai ƙasa a ciki, kada ku saya. A juya siminti da yashi a bushe har launinsu ya zama ɗaya, sannan a zuba ruwa kaɗan-kaɗan.

Darasi na 2: Jiƙa bango

A nan mutane suka fi tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Kada wanda ya ji kunya, magina da yawa ma haka suka fara.

Bulo busasshe mai ƙishirwa ne. Da zarar kun watsa masa kwaɓi, sai ya zuƙe ruwan da ke ciki. Siminti kuwa da ruwa yake yin ƙarfi. In aka ƙwace masa ruwan kafin ya kama, sai ya zama gari. Saboda haka a share bangon da tsintsiya, a jiƙa shi da yamma, kwana ɗaya kafin aiki. Da safe a sake jiƙawa. Yamma sau ɗaya, safe sau ɗaya. Ku faɗa da baki: yamma, safe.

Yaya za ku san ya jiƙu daidai? Ku ɗora tafin hannu. In kun ji sanyi, launin bulo ya yi duhu, amma hannunku bai kwaso ruwa ba, to ya yi. In ruwa na tsiyaya, ku jira kaɗan, domin kwaɓi zai zame. In rana ta busar da gefen da ba ku kai ba tukuna, ku sake yayyafa masa kafin ku taɓa shi.

Na taɓa duba aikin wani ɗalibina bayan wata biyu. Na ƙwanƙwasa bangon da maƙulli, sai ya amsa kamar ganga. Na sa farce a wata tsaga, ɓawon filasta mai faɗin faranti ya faɗo, bayan bulon fes kamar ba a taɓa shafa masa komai ba. Na ce, "Baba, ka jiƙa?" Ya ce ruwa ya yi tsada a unguwarsu. Na san ana sayen ruwa, amma kuɗin jarka huɗu ina ya kai kuɗin buhu uku da ya zube ƙasa?

Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Duk aji sai na samu wanda ya ce ya manta, ko ya yarfa ruwan moɗa ɗaya ya ce ya jiƙa. Wannan ba jiƙawa ba ce. Wanda bai jiƙa bango ba, kada ya buɗe buhu. Ku rubuta: A JIƘA BANGO. Ku sake rubutawa.

Darasi na 3: Yaɓe

Ku watsa kwaɓin da cokalin magina da ƙarfi don ya manne. Kaurin ya zama milimita 12 zuwa 15, kamar kaurin ɗan yatsa. In ya fi haka a shafi ɗaya, yana iya zamewa ko tsagewa. Ku daidaita da miƙaƙƙen katako, ku cike ramuka, in ya ɗan ɗaure ku goge da katakon guga. Ku kwaɓa iya abin da za ku ƙarar cikin awa ɗaya. Wanda ya fara daskarewa, kada a ƙara masa ruwa. Ku bi inuwa, kada ku yaɓe gefen da rana take duka. Siminti yana cin fata, ku sa safar hannu. Kafin duk wannan, kun jiƙa bangon?

Darasi na 4: Ban ruwa

Washegari a fara ba filastar ruwa, safe da yamma, har kwana 7. Da hunturu a ƙara, iskar tana busar da ita da wuri.

Darasi na 5: Bangon ƙasa

Siminti ba ya riƙe ginin ƙasa da kyau, yakan ɓalle. Ku nemi maginin da ya san makuba, wato yaɓen gargajiya da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa.