Yadda za ka gane wane kaya ne ke cinye maka yunit a gida

Tunda aka ƙara wa 'yan Band A (rukunin da aka ware wa wutar aƙalla awa 20 a rana) kuɗin wuta a Afrilun 2024 kowa a Kano ya koma lissafi, sai dai lissafin a kan kwan fitila da cajar waya yake ƙarewa, maigida na ta faɗa a kashe fitilar banɗaki alhali hita na cikin bokiti tana zuƙe katin.

Riƙe wannan tukuna: yunit ɗaya shi ne wat 1000 na tsawon awa ɗaya. Kwan LED mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci yunit, ayon kuwa guga ta awa ɗaya ta kusa cinye shi. Duk abin da ke yin zafi shi ne ɓarawon.

Ka samu littafi, ba bayan kwali ba. Ka zare komai daga soket, ka rubuta abin da mita ta nuna, ka dawo bayan awa guda. In ya ragu to ko akwai abin da ka manta, ko wani ya jona a layinka, kira mai gyaran wuta, kar ka taɓa mitar kamfanin wuta na KEDCO da kanka.

Sai ka riƙa kunna kaya ɗaya-ɗaya. In mitarka na da 'yar jar fitila mai ƙiftawa duba jikinta, in an rubuta 1000 imp/kWh ka ƙirga ƙiftawar minti ɗaya ka ninka sau 60, wat ɗin kayan ke nan.

Wajen firij ne mutane ke faɗuwa. Mutum ya kunna minti goma ya ce ai ba ya ci, ko ya gwada daidai lokacin da aka kawo wuta bayan an wuni babu, kwamfireso na ta gudu ba hutu, ya ce firij ɗin ya lalace. Firij tashi yake yana kwanciya, don haka bar shi ya yi sanyi tukuna, sannan ka bar shi shi kaɗai daga isha'i zuwa asuba, fanka ma a haƙura, shi ya sa na fi son a yi da hunturu. In an ɗauke wuta cikin dare, gwajin ya ɓaci, sake gobe. Don gwada robar ƙofar firij, ka maƙala takarda a ƙofar ka rufe ka ja, in ta zare salin-alin robar ta mutu, kuma canza roba bai kai kuɗin katin da take ja maka ba. Tsohuwar firiza ta hannu kam, in ba ƙanƙara kake sayarwa ba ban ga amfaninta ba.

Esi da injin jan ruwa kuwa, gwajin awa ɗaya ya isa. Akwai ƙaramar na'urar awo da ake sawa a soket, ka tambaya a Sabon Gari, amma ba dole ba ce. Guga a tara a yi sau ɗaya a sati, hita kuma a zare da ruwa ya yi ɗumi.