Cin abinci a Manila da Gwanzu: abin da za ka tambaya kafin ka sa cokali

Wanda ya tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja zuwa Manila, ko karatu ne ya kai shi ko kasuwanci, ba zai rasa shinkafa ba. Mutanen Filifin safe da rana da dare ita suke ci. Mahaɗin ne inda gizo ke saƙa. Yawancin mutanen ƙasar 'yan Katolika ne, naman alade kuwa shi ne naman yau da kullum, kuma sau da yawa ido ba ya ganinsa: yana cikin romo, yana cikin man suya, ko an marmasa soyayyar fatarsa an barbaɗa a kai kamar ƙuli a kan kwaɗo. Ga Musulmi, da duk wanda ba ya cin alade, kallon tukunya kawai bai isa ba.

Fara da haddace kalmomi biyar na yaren Tagalog. Baboy alade ne, manok kaza, baka naman sa, isda kifi, kambing akuya. "May baboy ba ito?" na nufin ko akwai alade a ciki. Ana jin Turanci sosai a can, to amma a ƙananan rumfunan da ake kira turo-turo, inda ake jera tukwane kana nuna wadda kake so da yatsa, kalmar yarensu ta fi saurin shiga kunnen mai tuya. Kuma kada ka tsaya a tambaya ɗaya. Idan ta ce babu, wataƙila tsokar nama take nufi. Sake tambaya a kan romon, sannan a kan man da aka yi suya da shi.

Akwai girke-girken alade da ba sai ka tambaya ba, ka wuce su kawai: lechon, sisig, dinuguan wanda da jini ake dafa shi, da chicharon. Masu yaudara su ne masu kama da ganye zalla. Pinakbet, haɗin kabewa da kuɓewa da gauta, akan soya shi da 'yan gutsattsarin alade. Haka faten waken monggo da taliyar pancit.

Abin da harshen Bahaushe zai karɓa nan take shi ne sinigang, romo mai tsamin tsamiya. Ka ce na kifi ko na jatan lande kake so. Sai kare-kare. Kada sunan ya tayar maka da hankali, ba ruwansa da kare: miyar gyaɗa ce mai kauri da wutsiyar sa, 'yar uwar taushe. Za ka ji ta salam, don da gangan ba a cika mata gishiri, ana kawo ta da ɗan kwanon bagoong, wato niƙaƙƙen jatan lande da aka tsima da gishiri. Rabin ƙaramin cokali ya isa ga loma uku ko huɗu. Wanda jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ya nisance shi.

Mai son naman da aka yanka da sunan Allah ya nufi unguwar Quiapo a Manila, wajen masallacin nan mai kubba ruwan zinariya da aka gina a 1976. A layukan da ke kewaye da shi Musulmin Mindanao, tsibirin da ke kudancin ƙasar, ke sayar da girkinsu: pastil, shinkafa da zare-zaren kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, da piaparan, kaza da kwakwa da kurkum. Nan ne kuma za ka sami yaji na gaske, palapa, da ake dakawa da citta da barkono. Sauran girkin ƙasar tsami da gishiri da zaƙi ne, taliyarsu ma har sukari ake sa mata. Shi ya sa ɗan robar yajin tsire daga kasuwar Wuse ke da amfani. Rufe shi da kyau ka jefa cikin babbar jaka. Kilishi kam bar shi gida, ba a shiga da nama ba tare da izini ba, kwastan za su karɓe.

Ba laifi ka gwada harshenka tun kana Abuja da adobo, wani sanannen girkin Filifin wanda bai da wuya. Kaza kilo 1, ruwan khal rabin kofi, baƙin ruwan waken soya rabin kofi, tafarnuwa dunƙule 1 a daddake, masoro ƙaramin cokali 1, ganyen bay irin na dafa-duka guda 3, ruwa kofi 1. Jiƙa kazar a ruwan soya da tafarnuwa na minti 30, zuba sauran, ka ɗora. Kada ka juya sai ya tafasa a buɗe kamar minti 5, kaifin khal ɗin ya fita. Rage wuta ya ƙara minti 30 har romon ya kama jikin naman. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara magi da gishiri bisa al'ada. Ruwan soya ya riga ya ɗauke wannan aikin, ƙari kuwa sai a kasa ci.

'Yan kasuwar da ke zuwa Gwanzu a ƙasar Sin lamarinsu ya fi sauƙi. A unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka suka fi yawa, ga shagunan Musulmin Sin nan masu taliyar Lanzhou da ake ja da hannu a romon naman sa. Kalmarsu ta halal ita ce qingzhen. Ajiye hoton rubutunta a waya ka riƙa gwadawa da allon shago. A sauran gidajen abinci, ko kaza ka ce, ana iya tsarga mata giyar girki ta Shaoxing. A Japan ma mirin giyar shinkafa ce ta girki, romon taliyar tonkotsu kuwa ƙashin alade ne. Maleshiya ce wurin hutawa: nemi tambarin halal na hukumar JAKIM, ka ci satay, tsirensu da ake dangwalawa a miyar gyaɗa.

Sai batun ciki. Tukunyar turo-turo da safe ake dafa ta, saboda haka ka je tsakanin 11:30 da ƙarfe 1, lokacin da ma'aikata ke layi, abincin na tururi. Da la'asar ta riga ta daɗe a zafin gari. Ruwa na gora kawai, kuma halo-halo, haɗin niƙaƙƙiyar ƙanƙara da madara da 'ya'yan itace, a saye shi a shago mai tsabta, don ƙanƙarar bakin titi kan kayar da baƙo. In gudawa ta kama, ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a yi ta kurɓa. In an ga jini, ko zazzaɓi ya biyo, ko ta wuce kwana 2, sai asibiti.