Kuɗin Wanki a Gidan Hayar 'Yan Kwanaki: Inda Masu Masauki Ke Tuntuɓe

Duk wanda ya sa gidansa a manhajojin hayar masauki irin su Airbnb, Booking.com ko Vrbo, kuma ya ajiye injin wanki a ciki, wata rana sai ya tsinci kansa riƙe da takardar kuɗin wuta da ta ruwa yana tunanin ko ya fara karɓar kuɗin wanki daga baƙi. Tunanin ba laifi ba ne. Injin da kuɗi aka saye shi, ruwa da wuta ba kyauta ba ne, omo ma haka. Sai dai yawancin masu masauki da zuciya suke yanke wannan shawara, bayan wani baƙo guda ya kwana biyu ya kunna injin sau bakwai. Ba kasafai ake zama da biro da takarda ba. Daga nan ne kurakuran ke somawa.

Ba a yi lissafin ba

Tambayi mai masauki nawa wanki ɗaya ke ci masa, sai ya ce "da yawa". Nawa ne da yawan? Shiru.

Ga yadda abin yake. Injin zamani mai ƙofa a gaba yana shan ruwa wajen lita 50 a wanki ɗaya. Tsohon inji mai murfi a sama yana iya kaiwa lita 150. Ta fuskar wuta kuwa, juya kayan ba ya cin komai. Dumama ruwan ne ke cinye kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da injin ke ja. Idan da ruwan sanyi aka yi wankin, ko rabin yunit ɗaya na wuta da wuya ya ci. Wanda ke cin wuta da gaske shi ne injin busarwa: na gargajiya yana cin yunit 2 zuwa 4 a lodi ɗaya, sabon samfurin da ke sake amfani da zafinsa kuma kusan rabin haka.

Ka ɗauki waɗannan alƙaluma ka ninka da farashin yunit da na ruwa a inda kake. Ka ƙara kuɗin omo na wanki ɗaya. Ka raba kuɗin injin da yawan wankin da zai yi a rayuwarsa, a ce shekara goma, ka ɗora a kai. Abin da zai fito, a mafi yawan wurare, ɗan ƙaramin yanki ne na kuɗin kwana ɗaya. Sannan ka tuna ba kowane baƙo ke wanki ba. Mai kwana biyu ko uku yakan zo da jakarsa ya tafi da dattinsa, bai ma buɗe ƙofar injin ba. Idan ka baza kuɗin wankin wata guda a kan dukan kwanakin da aka kama gidan, sai ka ga abin da ke hana ka barci bai taka kara ya karya ba.

Gyaran a nan mai sauƙi ne: ka ɗan ɗaga kuɗin kwana da wannan ɗan abin, ka rubuta cewa wanki kyauta ne. Kuɗin dai daga aljihun baƙi ya fito, amma babu wanda ya ji an tsaya masa a kai.

Kuɗin da baƙo bai sani ba sai da ya iso

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada, kuma shi aka fi yi. A shafin talla an yi alamar cewa akwai injin wanki. Baƙo ya tace gidajen garin da wannan alama, ya zaɓi naka a kan wani saboda ita, ya rage kayan da zai ɗauko tunda ya san zai wanke. Ya iso, sai ga takarda manne a jikin injin da farashi, ko kuma kwaɗo a ƙofar ɗakin wankin. A wurinsa ba kuɗin ne abin haushi ba. An canza masa ciniki ne bayan ya biya.

Duniya kuma ta daɗe da juya wa irin wannan baya. Tun 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta matsa wa Airbnb lamba ya riƙa nuna wa mutane jimillar farashi tun a shafin bincike, kuma zuwa 2019 kamfanin ya bi a Turai. A Disamba 2022 ya fara ba masu amfani da manhajar a sauran ƙasashe zaɓin ganin jimillar kuɗi, a Afrilu 2025 kuma ya mayar da hakan tsarin kowa da kowa. A Amurka, dokar jihar Kalifoniya da ta hana ɓoyayyun kuɗaɗe ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2024, ta hukumar kasuwanci ta tarayya kuma, wadda ta shafi otal-otal da gidajen hayar 'yan kwanaki, ranar 12 ga Mayu 2025. Gaskiya ne waɗannan dokoki sun fi magana a kan kuɗin da ya zama dole kowa ya biya, wanki kuwa ganin dama ne. Amma sun saba wa baƙi da abu guda: abin da na gani a allo shi ne abin da zan biya. Duk wani ƙari da ya ɓullo daga baya, da idon zargi ake kallonsa.

Abin takaicin shi ne manhajar ta riga ta share maka hanya. A Airbnb, wajen da ake saka injin wanki cikin kayan gida, ana iya nuna ko kyauta ne ko na biya, da ko a cikin gidan yake ko a wani sashe na ginin. Masu masauki da yawa suna tsallake wannan wuri, wasu da gangan, don kada tallar ta rage armashi. Idan za ka caji, ka zaɓi "na biya", ka rubuta adadin a bayanin gidan, ka maimaita a saƙon da kake tura wa baƙo kafin ya taso. Wanda ya karanta ya amince ba shi da abin faɗa. Wanda bai gani ba kuwa yana da damar kai ƙorafi ga kamfanin cikin awa 72 da gano matsalar, ya ce abin da aka tallata ba shi ya tarar ba.

Akwai kuma lissafin taurari, wato makin 1 zuwa 5 da baƙi ke ba masauki, wanda mutane ba sa yi. Kafin Airbnb ya ba ka matsayin fitaccen mai masauki, sai matsakaicin makinka ya kai 4.8. Baƙo ɗaya da ya fusata ya ba ka tauraro 3, sai ka samu baƙi tara a jere kowanne ya ba ka 5 kafin ka dawo 4.8 cif. Kuma sharhin da ya rubuta, "sai da muka biya kafin mu wanke kayan yara", yana nan kowa na karantawa shekara da shekaru. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ambulan a kan inji

Wasu sukan ajiye ɗan gwangwani ko ambulan su ce kowa ya saka abin da ya wanke. Wasu su tura lambar asusu. Airbnb bai yarda a karɓi kuɗi a bayan fage ba, in ban da 'yan wurare ƙalilan da ya keɓe, kuma ana iya dakatar da shafin wanda aka kama. Yana da sashen neman kuɗi da sasantawa a cikin manhajar. Ta nan ake bi. Ban da haka ma, matafiyin da ya sauko daga jirgi a wata ƙasa ina zai samo canji? Kuɗin hannu kuma ba ya barin shaida, ko a gaban hukumar haraji ko in rigima ta tashi.

Kayansa daban, zanen gadonka daban

A nan ne ake cakuɗa abu biyu da ba su da haɗi. Rigar baƙo da wandonsa nasa ne. In ya wanke, amfanin kansa ya yi. Zanen gado, rigar filo da tawul kuwa naka ne, kayan sana'arka ne, kuma wanke su bayan ya tafi yana cikin kuɗin tsaftar da ka riga ka karɓa. Mai masaukin da ya karɓi kuɗin tsafta, sannan ya rubuta "kafin ku fita ku cire zannuwa ku saka a inji ku kunna", ya ci sau biyu. Ƙorafi a kan wannan ya yi yawa har a Nuwamba 2022 shugaban Airbnb, Brian Chesky, ya fito ya ce bai kamata a ɗora wa baƙi ayyuka irin su cire zanen gado, wanki da share ɗaki a lokacin fita ba.

Ko ba don wannan ba, ni ban ga ribar abin ba. Mutumin da ke sauri kada jirgi ya bar shi zai tura farin tawul da jan bargo a lodi ɗaya. Ko ya kunna ya tafi, kayan su kwana jiƙe a cikin inji har su yi wari kafin mai shara ta iso. Kuma tabon da ya kamata a gani a jiƙa shi tukuna, ruwan zafi ya riga ya zaunar da shi. Ka ce ya tara tawul ɗin da ya yi amfani da su wuri guda, ya isa.

To, yaushe cajin ke da hujja?

Akwai lokutan. In injinan na ginin ne gaba ɗaya, irin waɗanda ake jefa wa tsaba ko a goga musu kati, ba kai ke karɓar kuɗin ba. Faɗa kawai za ka yi tun farko, in ka ga dama ka bar masa kati mai ɗan kuɗi a ciki na wankin farko. In kai ne ko ma'aikacinka zai karɓi kayan ya wanke ya goge ya ninke, wannan aiki ne, kuma aiki ana biyan sa; otal ma haka suke yi, babu mai gunaguni. In gidan da hasken rana yake aiki ko ruwan tanka ake saye, kowane lodi yana da nauyin da gidan cikin gari bai san shi ba.

Sai zaman dogon lokaci. Daga kwana 28 zuwa sama Airbnb yana ɗaukar abin a matsayin hayar wata, kuma yawanci ka riga ka yi ragi. Iyali mai yara da zai zauna wata biyu zai yi wanki kusan kullum, lissafin da muka yi a sama kuma ya canza. Ko a nan, kuskuren da ake yi shi ne sa farashi tun daga lodin farko. Iyaka ta fi farashi daɗin ji: lodi kaza a mako yana cikin kuɗin haya, abin da ya haura a biya. Mafi yawan mutane ba za su kai iyakar ba, kuma wanda ya kai ya san da zancen. In kuma mita ka sa wa gidan kana karɓar kuɗin wutar da aka sha, ka binciki dokar ƙasarka. A Birtaniya, alal misali, hukumar Ofgem mai kula da harkar wuta da gas ta hana mai gida sayar wa ɗan haya wuta sama da yadda ya saya.

Kyauta ba tare da tsari ba

Waɗanda suka ce kyauta ne su ma suna da nasu. Ana ajiye babban galan na omo a bar shi a buɗe. Baƙo ya ga ba shi ya saya ba, ya zuba ninki uku, kumfa ya cika injin, kayan su fito da santsi, injin kuma ya soma wari. Ka ajiye na wanki biyu ko uku kawai a ƙaramin mazubi. In irin ƙullin nan ne masu narkewa a ruwa, a ɗora su inda hannun yaro ba zai kai ba, don launinsu na jan yara kuma haɗiye su haɗari ne. Ka manna ɗan kati a jikin injin mai nuna maɓalli ɗaya da za a danna, na ruwan sanyi ko digiri 30; baƙo ba zai karanta littafin inji ba, kuma wanda bai gane ba yakan murɗa zuwa mafi zafi da mafi tsawo. Ka rubuta lokacin da ba a wanki, saboda injin da ke matse kaya ƙarfe ɗayan dare yana tayar da na ƙasa. Ka kuma rubuta cewa injin na waɗanda suka kama gidan ne. Wannan layi guda shi ke maganin wanda zai kwaso kayan dangi da abokai, wanda dama shi ne ya jawo tunanin cajin tun farko. Igiyar shanya ko ƙarfen shanya mai naɗewa yana rage aikin injin busarwa fiye da duk wani farashi da za ka sa.

Asarar gaske ma ba a omo take ba. Rariyar injin busarwa tana tara burbushin zare, kuma wannan abu wuta yake kamawa. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta ƙiyasta gobara wajen 2,900 a gidaje kowace shekara daga injin busarwa, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma rashin tsaftacewa ne sanadi. Kada ka dogara ga baƙo. Mai shara ta duba rariyar duk bayan fitar baƙi. Tiyon ruwan da ke bayan injin wanki shi ma yana tsufa ya fashe, kuma gidan haya yakan yi kwanaki babu kowa a ciki. A canza shi wajen duk shekara biyar, a riƙa rufe famfonsa idan gidan zai zauna fanko.

In ka karanta duk wannan kuma ka ga lallai yanayinka na caji ne, to sabon tsarin ya fara daga waɗanda za su kama gidan bayan ka gyara tallar. Duk wanda ya riga ya biya lokacin da shafin ke cewa kyauta ne, a bar shi ya yi wankinsa kyauta.